AGRHYMET ko EAMAC: Wace Ƙofa Ta Dace da Mai Son Karatun Yanayi da Ruwa a Yamai?

Ɗan ƙanwata ya zo daga Tawa bayan fitowar sakamakon bak, ya zauna a tsakar gida da takardunsa cikin leda, ya ce da ni: "Kawu, an ce mini makarantun meteyo biyu ne a Yamai, ɗaya a Harobanda ɗaya a wannan gaɓar kogi, shin wacce ta fi?" Ban ba shi amsa a ranar ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar baki ɗaya, kuma na lura iyaye da yawa suna ɗaukar makarantun biyu tamkar abu guda, alhali aikin da kowacce take shirya ɗalibi dominsa ya sha bamban ƙwarai. Abin da na tattara masa daga baya shi ne nake rubutawa a nan.

Sai an fara fahimtar dalilin da ya sa waɗannan makarantu suke a Yamai kafin a iya auna su. Hadarin da yake zubar da ruwa a Adar yawanci daga gabas yake tasowa, wani lokaci daga duwatsun Ayar, wani lokaci daga can cikin Chadi, ya yi ta tafiya yamma har ya wuce Mali. Ruwan da yake cika kogin Isa a ƙarƙashin gadar Kennedy cikin watan Janairu kuwa, a tsaunukan Gini ya sauka watanni da dama kafin nan. Ke nan babu ƙasar da za ta iya hasashen samanta ko koginta da ma'aunanta ita kaɗai. Wannan ne ya haifi Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda muka fi sani da OMM, da aka kafa a 1950 da mazauni a Geneva, mai mambobi 193 a yau, wadda ta sa ƙasashe suka amince tun 1995 su riƙa musayar muhimman bayanan yanayi kyauta. Yamai ta samu babban rabo daga wannan haɗin gwiwa. Akwai ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka baki ɗaya, da aka ƙirƙiro a 1987 ta fara aiki a nan a 1992. Akwai ABN, hukumar ƙasashe tara masu raba kogin Isa, da aka kafa a Faranah ta Gini a 1980. Waɗannan biyu wuraren aiki ne da samun horo na ɗan lokaci, ba a shiga cikinsu da takardar bak. Masu ba da digiri su ne makarantu biyun da yaron yake nufi, EAMAC a wannan gaɓar kogi da AGRHYMET a Harobanda, kuma OMM ta amince da su duka biyun a matsayin cibiyoyinta na horarwa a yankin.

EAMAC ce babba a shekaru. An buɗe ta a 1963, mallakar ASECNA ce, wato hukumar da take kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama a akasarin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1959 kuma mazauninta yake Dakar. Saboda haka meteyon da ake koyarwa a EAMAC na matuƙin jirgi ne kafin ya zama na kowa. Tare da masu nazarin yanayi, makarantar tana horar da masu ba jirage umarni daga hasumiya da masu gyaran na'urorin lantarki da kwamfuta na filayen jirgi. AGRHYMET kuwa ƴar fari ce. Bayan bala'in farin farkon shekarun 1970 da ya halaka dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu, ƙasashen Sahel suka kafa CILSS, kwamitinsu na yaƙi da fari, a watan Satumbar 1973 da mazauni a Wagadugu, sannan a 1974 aka buɗe wannan cibiya a Yamai, sunanta ma haɗin kalmomi uku ne na noma da ruwa da yanayi. Tambayar da aka kafa ta don ta amsa ita ce ko za a samu abinci bana, kuma har yau ita ce ginshiƙin karatunta.

Babban abin da ya raba su, a ganina, agogon da kowacce take aiki da shi ne. Wanda ya fito daga EAMAC da awa da minti yake lissafi. A filin jirgin Diori Hamani ana fitar da rahoton halin da sama take ciki a kai a kai dare da rana, ana ba da hasashen yini guda ga jiragen da za su sauka, ana kuma sakin balan-balan mai ɗauke da ƙaramar na'ura, ya haura sama da kilomita 20 yana aiko da zafi da laima da ƙarfin iska, kuma cikin ɗan lokaci waɗannan alƙaluma sun isa manyan kwamfutocin Turai da Amurka masu lissafa hasashen duniya. Mai wannan aiki dole ya iya duba hoton tauraron Meteosat, wanda yake tsaye kimanin kilomita 36,000 a saman Afirka, ya gane cewa jerin hadarin da ya bar Dogon Dutsi zai iso Yamai da guguwar ƙura a gabansa nan da ƴan awoyi, ko kuma hazon hunturu zai rufe titin sauka kafin wayewar gari. Kuskurensa a take yake bayyana, gaban matuƙi da fasinjoji. Makarantar ta yi suna a wannan fanni, har ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin da hukumar taurarin yanayi ta Turai, EUMETSAT, take haɗa kai da su wajen koyar da karanta hotunan tauraro a Afirka.

Wanda ya fito daga AGRHYMET kuwa da kwana goma-goma da damina sukutum yake lissafi. Aikinsa yana farawa daga ma'aunin ruwan sama, wata ƴar roba ko gwangwani mai mazurari da aka kafa a kan ƙarfe a fili, wadda mai kula da ita yake zuwa da sassafe ya juye ruwan cikin kwalba mai lambobi ya rubuta a littafi. Milimita ɗaya a wannan kwalba na nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane murabba'in mita na gona. Daga irin waɗannan alƙaluma ake sanin ko ruwan shuka ya samu, wanda masana suke ƙiyastawa da kimanin milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku muddin dogon tsaiko bai biyo baya ba. Duk manomin Adar da ya taɓa yin binne, ruwa kaɗan ya sauka hatsi ya tsiro sannan rana ta ƙone shi, ya san darajar wannan sharaɗi na biyu fiye da kowane malami. Ɗalibin cibiyar yana koyon haɗa ruwan sama da irin ƙasa da kwanakin da gero yake buƙata kafin ya nuna, ya ƙiyasta amfanin gona tun ba a yi girbi ba, ya bi sawun ciyawa ta hoton tauraro domin makiyaya, ya kuma san yanayin da yake sa farin dango su hayayyafa, irin waɗanda suka afka wa Sahel a 2004.

A nan ne ake ganin haɗin gwiwar ƙasashe da ido. Kowace shekara wajen watan Afrilu, AGRHYMET da ACMAD suna tara masanan hukumomin yanayi da na ruwa na ƙasashen yankin a taron da ake kira PRESASS, wanda ya samo asali daga tarukan hasashen damina da aka fara a 1998. Suna duba zafin ruwan tekun Pasifik da na Atlantika, su kwatanta da abin da manyan cibiyoyin duniya suka lissafa, sannan su fitar da matsaya guda: ko damina za ta fi yadda aka saba, ko ta yi daidai, ko ta gaza, ko za ta faɗi da wuri, ko za a samu dogon tsaiko bayan shuka, da yadda koguna za su cika. Hasashen na yiwuwa ne, ba ya cewa ranar kaza ruwa zai sauka a Bagga ko Keita. Hasashen 2024 ya nuna damina mai yawa a Sahel, haka kuwa aka yi, har ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. An san abin yana tafe tun bazara, amma labarin bai isa ga mai gidan laka a bakin ƙorama ta sigar da zai yi aiki da ita ba. Wannan giɓi tsakanin takardar masana da kunnen manomi shi ne wurin da ƙasar nan ta fi ƙarancin ma'aikata, kuma AGRHYMET ce take shirya mutum dominsa.

Idan zuciyar ɗalibi tana ga ruwa ne, to zaɓin ya ma sauƙaƙa, domin EAMAC ba ta horar da masanan koguna. Kuma wannan fanni ne da ya kamata a daɗe a kansa, saboda kogin Isa a Yamai cika biyu yake yi a shekara. Akwai cikar da take zuwa daga Gini, wadda fadamun tsakiyar Mali suke riƙewa su sake ta a hankali, ta iso mana cikin sanyi, ana ganin tahowarta tun da sauran makonni ta hanyar alƙaluman da Mali take bayarwa ƙarƙashin ABN. Akwai kuma jar cika ta Agusta da Satumba, mai launin jar ƙasa, wadda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal suke kwararowa da ita, galibi daga Burkina Faso, kuma ita ba ta ba da dogon wa'adi. Ita ce a Satumbar 2020 ta kai ma'aunin Yamai wajen santimita 700, alhali jan gargaɗi yana farawa ne daga 620, ta fasa madatsar Lamorde ta shiga unguwannin Harobanda. Abin mamakin da masana suka gano shi ne, waɗannan rafuka sun fi kawo ruwa a yanzu fiye da shekarun da aka fi samun ruwan sama kafin fari, domin itatuwa sun ragu, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya nutsewa sai dai ya gudu. Mutumin Tawa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, tunda ya ga yadda ƙoramun Majiya suke cin gonaki, ya kuma ga yadda ramukan tassa da na rabin wata da jerin duwatsu suke tsayar da ruwa a faƙo. Masanin ruwa yana koyon karanta sandar awo da aka kafa a gaɓa, ya shiga kwalekwale da na'ura ya auna yawan ruwan da yake wucewa cikin daƙiƙa, ya haɗa tsayin ruwa da yawansa a jadawali, kuma ya sake awon lokaci zuwa lokaci domin yashin da yake cike kogin yana ɓata tsohon lissafi. Aiki ne na rana da laka da tafiya, kafin a zo ga zaman kwamfuta.

Sai batun shiga da kuɗi, wanda a gidaje da yawa shi ne yake yanke hukunci. Babbar ƙofar EAMAC jarrabawar gasa ce, konkur, da ake shiryawa a ƙasashen ASECNA, kuma lissafi da fiziks su ne ƙashin bayanta. Guraben kaɗan ne, masu nema suna da yawa, akwai kuma iyakar shekaru, don haka wanda ya tsaya jinkiri yana iya samun ƙofa a rufe. Matakin da ake nema ya danganta da takardar da mutum yake riƙe da ita: mai bak na kimiyya yana neman matakin teknisiyan, matakin injiniya kuwa sai wanda ya riga ya yi shekaru a jami'a. A AGRHYMET ma akwai matakin babban teknisiyan da na injiniya da na masta, a fannonin yanayin noma, ilimin ruwa, kare tsirrai, da kula da na'urorin awo, tare da masta a kan sauyin yanayi da kula da ƙasa da wadatar abinci. Amma ɗalibanta da yawa ma'aikata ne da gwamnatocinsu suka turo, ko waɗanda wani shiri na masu ba da tallafi ya ɗauki nauyinsu, kuma buɗe aji a wani fanni yakan jira samun wannan tallafi. Wanda zai biya da kansa ya nemi sanarwar shekarar da kuɗin da aka yanka tun kafin ya sa rai, ya kuma tambaya a Hukumar Yanayi ta Ƙasa ko ma'aikatar ruwa ko akwai bursi a fannin da yake so.

Wannan bambanci yana da tushe a yadda ake ciyar da gidajen biyu. ASECNA tana samun kuɗinta ne daga harajin da kamfanonin jirage suke biya idan sun ratsa sararin ƙasashenta ko suka sauka a filayenta, saboda haka tana da abin hannunta, kuma tana horar da mutane gwargwadon guraben aikin da take hange. AGRHYMET ta dogara da gudummawar ƙasashen CILSS da ta abokan hulɗa na waje, kuma kowa ya ga a 2025 yadda rufe hukumar tallafi ta Amurka, USAID, ya girgiza ayyuka da dama a Afirka. Shi ya sa hanyar aiki bayan EAMAC ta fi miƙewa: filin jirgi, albashi mai tsari, aikin karɓa-karɓa har da dare da ranar salla, da yiwuwar a tura mutum wani gari ko wata ƙasa. Hanyar bayan AGRHYMET ta fi faɗi amma ta fi karkace-karkace: Hukumar Yanayi ta Ƙasa, ma'aikatun noma da ruwa da kiwo, tsarin gargaɗin gaggawa kan ƙarancin abinci, ƙungiyoyin agaji, da ayyukan kwangila na shekara biyu ko uku waɗanda suke ƙarewa a sake neman wasu. Wanda nauyin gida yake jiransa da wuri ya sa wannan a ma'auni da gaske, kada kunya ta hana shi.

Wasu iyaye sun tambaye ni ko ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 ta rage darajar waɗannan takardu. CILSS da ASECNA da ABN da OMM kowacce da yarjejeniyarta dabam, ba rassan CEDEAO ba ne, kuma ma'aunin da ake horar da masanin yanayi a kansa na OMM ne, iri ɗaya a Yamai da Nairobi. Abin da siyasa take iya taɓawa shi ne yawan tallafi da saurin zuwansa, wanda kuma ya fi shafar ɓangaren AGRHYMET.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambatonta ba, wato Jami'ar Abdou Moumouni, maƙwabciyar AGRHYMET a Harobanda. Lisansi a fiziks ko lissafi ko ilimin ƙasa ko aikin gona ita ce mafi araha, kuma ba ta rufe ko ɗaya daga cikin ƙofofin biyu, hasali ma ita ce matakalar shiga ajin injiniya ko masta daga baya. Ga mai son bincike, jami'ar tana ɗauke da reshen sauyin yanayi da makamashi na shirin WASCAL da Jamus take tallafawa, wanda ya rarraba fannoni tsakanin jami'o'in Afirka ta Yamma, ilimin ruwa a Abomey-Calavi ta Benin, tsarin yanayin yankin a Akure ta Najeriya. Da Ingilishi ake karatu a shirin. Wannan harshe ma, ko a EAMAC ba a tsere masa, domin shi ne harshen sufurin sama, kuma akasarin littattafan kimiyyar yanayi da shi ake rubuta su. Raunin jami'a shi ne ƙarancin taɓa na'ura da hannu, da shekarar karatu da takan ja fiye da yadda aka tsara.

Da aka zo ga nawa ra'ayi, ga abin da na faɗa wa yaron. Wanda lissafi da fiziks suke masa sauƙi, yana da natsuwar yanke shawara cikin gaggawa, ba ya ƙin kwana a wurin aiki, kuma yana son albashi tabbatacce, ya nufi konkur ɗin EAMAC tun shekarunsa ba su wuce ba. Wanda ya tashi cikin gona ko garke, yana jin Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci har zai iya mayar da "kashi 45 cikin 100 na yiwuwar damina mai yawa" zuwa maganar da mai gari zai fahimta ya yi aiki da ita, kuma zai iya jure ƴan shekarun neman gindin zama, AGRHYMET ce gidansa, kuma ni a wurina nan ne ƙasar ta fi buƙatar hannu, musamman yanzu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin kowane mutum a duniya ya samu gargaɗin bala'i da wuri kafin ƙarshen 2027. Shi yaron makinsa na lissafi matsakaici ne, na kimiyyar halittu kuwa mai kyau, kuma tun yana ƙarami shi yake raka kakansa gyaran tassa kafin faɗuwar damina. Ya ce ruwa yake so. Muka tsayar cewa zai yi rajista a jami'a bana don kada shekara ta tafi a banza, ya riƙa ƙetara titi zuwa AGRHYMET yana duba allon sanarwa, ranar da aka buɗe ajin ilimin ruwa kuma takardunsa suna nan a shirye cikin ledarsu.